Hular Kaka da Mutanen Sama

Ƙaurin roba ne ya fara zuwa kafin hoton ya ɗauke. Ina zaune a ƙasa kusa da ƙafar Kaka na ji shi a hancina, na ɗauka daga waje yake shigowa. Sai ɗan majigin da ke kan kujera ya yi ƙara sau ɗaya, kamar an taka busasshen ganye, bangon ɗakin ya koma fari fat. Jirgin da yake saukowa a kan birnin Turawa ya ɓace tare da birnin.

"Wa ya taɓa inji?" in ji Kaka. "Amarya, je ki ce wa yaran nan su mayar da hoto. Jama'a suna jira."

Babu jama'a. Ni da shi ne kaɗai a gidanmu na unguwar Jarwal a Makka, ranar Arfa, bayan azahar. Abba yana can yana jigilar alhazai da babbar mota, Umma tana cikin masu dafa abinci a tantunan Arfa, kuma babu wanda zai dawo a cikinsu sai an kwana biyu da Salla. Ni aka bar wa gida, aka bar mini Kaka.

Kaka mahaifin Umma ne. Ya zo aikin Hajji yana matashi, shi da kakata, ba su koma ba. Takardar da ya shigo da ita ta mutu tun kafin a haifi Umma, kuma bai taɓa samun igama ba, wato katin zama. Ni da Umma muna da ita ta dalilin Abba. Shi kuwa sama da shekara arba'in ya yi yana sayar da turare da tasbaha a ƙofar masaukan alhazai, ya san layin da ake bi da wanda ba a bi, ya san lokacin da motar askarawa, wato 'yan sanda, take wucewa kamar yadda ya san lokutan salla. Sai tsufa ya zo ya kwashe masa wannan sanin gaba ɗaya. Idan aka tsayar da shi aka ce ina takarda, ƙarshenta a sa shi a jirgi a mayar da shi ƙasar da duk wanda ya san shi a cikinta ya rasu. Umma takan ce, "Tun ina goye yake roƙon Allah ya ba shi kabari a garin nan. Ba za a raba shi da shi a kan idona ba."

Amma ta ƙi a kulle masa ƙofa. Abba ya kawo kwaɗo har sau biyu, ta mayar masa.

"Ubana ne, ba akuya ba," in ji ta.

Dabarar da ta samo ita ce hula. Kaka ya manta sunayenmu, ya manta kakata ta rasu, amma bai manta cewa dattijo ba ya fita kai babu hula ba. Zai je har bakin ƙofa, ya shafa kansa, ya ji wayam, ya dawo yana faɗa yana ɗaga matasai. Hular tana cikin tukunyar da ba a girki da ita, a saman kabad ɗin kicin. Muddin tana can, Kaka yana gida.

Lokaci ɗaya kawai ake ba shi ita a yini, lokacin aiki.

Kafin ya taho Makka, Kaka mai fassara ne a wata silima marar rufi a garinsu. Yakan tsaya a gefen allo da bututun magana a hannu, yana gaya wa mutane abin da Turawan cikin fim suke cewa. Ban san wannan ba sai shekarar da na fara karatun Turanci, wata malama ta sa mu kalli wani tsohon fim marar kala na zamanin da Turawa suke tsoron sama. Na karanta cewa a shekarun nan sun yi irinsu da yawa, lokacin da kowa yake kwana da fargabar bom da fargabar maƙwabci. A wasu, jirage masu kama da faifai ne suke tsayawa a kan birni. A wasu, abin da ya sauko yana shiga jikin mutane, ka wayi gari matarka tana nan da fuskarta amma ba ita ba ce. Kusan kullum akwai malami mai tabarau da yake cewa a yi haƙuri a fahimce su, da babban soja da yake cewa a harba, da wata mata da aikinta ihu.

Ina kallo a kwamfuta, sai na ji wata murya a bayana wadda ban taɓa ji ba, mai kauri, mai cika ɗaki.

"Jama'a a zauna! Na gaba a sunkuya, na baya ma kuɗi suka biya!"

Kaka ne, a tsaye, ya miƙe sosai kamar an cire masa shekara hamsin. Ya nuna kwamfutar ya ce, "Wane ne wannan yake min shisshigi? Kashe masa baki." Na kashe sautin. Tun daga ranar ba mu sake kallon fim da sauti ba. Na tara irin waɗannan fina-finan duk wanda na samu, Abba ya sayo mana ɗan majigi na hannu don a haska a bango, saboda Kaka ya ce waya madubin mata ce, ba allo ba. Kullum idan rana ta karkata, lokacin da ƙafarsa take fara neman ƙofa, sai in sauke labule, in ɗauko hula daga tukunya in miƙa masa da hannu biyu.

"Ango, lokaci ya yi."

"Kin makara, Amarya. Wata rana sai na yi miki kishiya mai agogo."

Fassararsa ba ta da haɗi da abin da ido yake gani. Jirgi zai sauko, mutane suna gudu suna tattake juna, shi kuwa ya ce, "Kun ga faifan nan? Ba yaƙi ya kawo su ba. Matafiya ne, ruwansu ya ƙare tun watanni uku. Wannan dogon na gaba cewa yake, salamu alaikum masu gida, ko da randa a kusa?"

"Kaka, ai ga shi sun ƙona gada."

"Fitilarsu ce. A garinsu da ita ake sallama, ba su san ta fi ƙarfin gadar mutane ba. Ke in kin je garin wasu, kin san abin da za ki ɓata?"

Mutanen sama yake kiransu. Babban sojan kuma Sarkin Gaggawa, matar nan 'Yar Kururuwa. Kuma bai taɓa bari a kai ƙarshe ba. Da zarar an fara jero manyan bindigogi sai ya ɗaga hannu. "Rufe, rufe. An ba su ruwa sun sha, sun yi godiya sun kama hanya. Jama'a a sauka lafiya." Ya cire hular da kansa ya miƙo mini. Ni a raina na gama yanke cewa Kaka bai taɓa jin Turanci ba, ƙirƙira kawai yake yi tun yana saurayi, kuma na fi son tasa a kan ta masu fim ɗin.

To ranar nan majigin ya ƙone ana tsakiyar fim. Na cire waya na mayar, na hura, na girgiza, sai ƙauri. Kwamfutata kuwa tana wajen gyara tun kafin a shiga watan Hajji. Kaka ya fara zagaye ɗakin yana tafa hannu yana cewa a yi haƙuri jama'a, yanzu za a gyara. Na san wannan zagayen, daga shi sai ƙofa. Na tuna matar hawa na huɗu tana da babban talabijin, na yi tunanin ko za ta bari in kawo shi wajenta. Na ja mayafi na haura da gudu.

Na buga, shiru. Na haura na biyar, na buga, shiru. Sai a nan na tuna. Ranar Arfa, idan alhazai sun fita kuma maza sun bi su aiki, matan Makka sukan tafi Harami da 'ya'yansu da abin buɗa-baki, don ita ce rana ɗaya a shekara da za su yi ɗawafi ba tare da turereniya ba. Duk benen babu kowa. Na tsaya ina kallon takalman yara a ƙofar gidan mutane, na ɗan jima ma, ina tunanin yadda shirun yake da daɗi. Wannan tsayuwar har yau ban yafe wa kaina ita ba.

Da na sauko, ƙofarmu a buɗe take. Takalmansa ba sa nan. Na shiga kicin na buɗe tukunyar duk da na san abin da zan gani.

Na kira Umma a waya, sai a kira na huɗu ta ɗauka. Ina jin ƙarar manyan tukwane da muryoyin mata a bayanta.

"Umma, Kaka ya fita."

"Ya fita ina? Hular fa?"

Na mayar da murfin tukunyar.

"Ke! Hular fa?"

"Tana kansa."

Ta yi salati a hankali, irin wanda ake yi idan an ji mutuwa. Sai ta rage murya. "Ki saurare ni. Kada ki tambayi askar. Kada ki kira shi da ƙarfi a titi. Ni ba ni da hanyar fita daga nan sai rana ta faɗi, an rufe ko'ina. Ki nemo min ubana. Kin ji ni? Ki nemo min ubana."

Na fita ina azumi, rana kamar za ta narkar da kwalta. Ban taɓa ganin Jarwal haka ba, don kowace shekara a cikin gida nake yin wannan ranar. Titin da jiya ba ka samun wurin sa ƙafa, yau babu ko mutum ɗaya. Shaguna a rufe, otal-otal a tsaye da ƙofofinsu na gilashi babu mai shiga babu mai fita, silifa guda ɗaya a tsakiyar hanya. Tattabaru ne kawai suke tafiya a kan kwalta kamar su suka gaji garin. Can sama jirgi mai saukar ungulu ya wuce ya nufi wajen Arfa, inuwarsa ta bi ta kaina. Na san wannan hoton. Na gan shi a bangon ɗakinmu sau ba adadi: birni bayan an kwashe mutanensa, takarda tana tashi a iska, mutum ɗaya yana gudu. A fim mai gudun yana da wanda zai kai wa ƙara. Ni duk wanda zai iya taimakona a garin nan shi ne wanda ba zan iya tambaya ba.

Na fara zuwa masallacin unguwa, na leƙa ta taga, babu kowa sai fanka tana juyawa. Na je inda rumfarsa ta turare take a da, wurin ya zama ƙofar ajiye motocin wani otal. Na bi lungunan da ke hawa dutse, ina leƙa ƙarƙashin kowane bene, bayan kowace mota, ina cewa "Kaka" a hankali kamar mai kiran kyanwa. Harshena ya bushe ya manne. Ina ta lissafa abin da zai faru: za a tambaye shi sunansa ya ce jama'a a zauna, za a sa shi a mota, za a kai shi inda ake tara marasa takarda, babu wanda zai san ba ya cin abinci sai an fara ci a gabansa. Na gan shi yana sauka daga jirgi a wani gari, yana shafa kansa, yana neman Amarya. Na durƙusa a gefen wata rufaffiyar bagala, wato kantin kayan masarufi, na ce, "Ya Allah, yau ranar da ba ka mayar da addu'a ce. Ban roƙe ka komai ba sai tsoho ɗaya."

Aka kira la'asar daga Harami, sautin ya bi titunan da babu kowa ya dawo. A nan tunanin ya zo mini. Ina nemansa a wuraren da Kakana zai je, alhali wanda ya fita daga gidanmu saurayi ne da ya makara wajen aiki. Shi kuwa farin bango yake nema, da fili a gabansa.

Akwai wuri ɗaya. A ƙasan unguwa an rushe tsofaffin gidaje an share wurin, motocin alhazai suna kwana a ciki, kuma gefen wani dogon otal yana kallon filin, fari tas, babu taga ko ɗaya. Na ruga, mayafina yana zamewa ina riƙewa da haƙori.

Tun daga nesa na ji muryar. Na ga hular. Sannan na ga motar askarawa a tsaye kusa da shi, ƙofa a buɗe.

Ƙafafuna suka so su juya da ni, kuma ba zan ɓoye wannan ba. Na yi taku biyu da baya kafin na tsaya.

Su biyu ne, ɗaya matashi, ɗaya mai furfura a gemu. Matashin yana riƙe da robar ruwa yana miƙa masa, Kaka kuwa ya juya musu gefe, hannu ɗaya a bakinsa kamar bututu, ɗayan yana nuna bangon.

"Ga su nan sun sauko! Kada kowa ya gudu! Wannan ƙaramin na baya ɗansa ne, zazzaɓi yake yi tun a hanya!"

Na yi sallama da Larabci. Mai furfurar ya dube ni ya ce, "Naki ne?"

"Kakana ne. Ba shi da lafiya, ba ya gane komai."

"Mun gani. Me yake cewa?"

"Labari yake bayarwa."

"Igamarki."

Na ciro na miƙa. Ya duba, ya dube ni, ya sake dubawa. Sannan ya yi tambayar da tun ina ƙarama nake jin ta a mafarki.

"Tasa fa?"

Ina azumin Arfa, bakina bai gama bushewa daga addu'a ba, na ce, "Tana gida."

"Gidan yana da nisa?"

Kafin in amsa Kaka ya juyo. Ya ga kaki, ya ga mota, fuskarsa ta canza. Ya tako har gaban mai furfurar, ya kama hannun rigarsa da hannu biyu, ya ce da Hausa, ba da muryar aiki ba, da wata ƙaramar murya, "Sarkin Gaggawa, don Allah kada ka harba. Ba su zo da sharri ba. Sun ga haske ne suka sauka. Ka bar su su huta, ba za su daɗe ba."

Matashin ya matso da sauri. Na san idan Kaka ya ja rigar nan sau ɗaya, magana ta ƙare. Ban taɓa cire masa hula da hannuna ba, shi yake cirewa ya ba ni. Ranar nan, a gaban baƙin maza, a tsakiyar fili, na miƙa hannu na fizge ta daga kansa.

Ya saki rigar. Ya shafa kansa. Na ga kafaɗunsa sun sauka, ya koma ɗan tsohon da nake ba wa kunu da cokali. Ya dube ni da wani irin kallo, ya ce, "An tashi?"

"An tashi, Kaka."

"Ba a ba su ruwan ba."

Mai furfurar ya daɗe yana kallonmu. Rediyon motar yana ta kira. Ya ɗaga wayarsa ya ɗauki hoton katina gaba da baya, ya miƙo mini. "Yau ba mu da lokaci. Bayan Salla za a zo a ga tasa. Ki rufe masa kai, rana za ta kashe shi." Matashin ya cusa mini robar ruwan a hannu, suka shiga mota suka tafi.

Na yafa masa gefen mayafina muka taho a hankali, hular tana cikin hammatata. Bai yi mini magana ba har gida. Ya ƙi shan ruwan sai da na karya azumina na sha a gabansa.

Washegarin dawowar su Umma, Abba ya ɗauke shi a bayan mota, an lulluɓe shi da bargo kamar kaya, aka kai shi gidan ƙanwar Abba a unguwar Rusaifa, wani ɗaki na ciki marar taga. Wannan karon da Abba ya kawo kwaɗo, sai Umma ta shiga banɗaki ta buɗe famfo don kada mu ji ta. Ba ta taɓa yi mini faɗa a kan hular ba. Da ta yi, da na fi samun sauƙi. Mu kuma a Jarwal muka zauna jiran bugun ƙofa. Duk takun da ya tsaya a hawanmu sai in kasa kunne. Mako ya wuce, wata ya wuce. Babu wanda ya zo, kuma har yau ban san ko mai furfurar ya manta ba ne ko bai taɓa niyya ba.

Na sayi wani majigin na kai Rusaifa. Na rataya farin zani a bango, na kunna, na miƙa masa hular da hannu biyu. Ya kalle ta, ya kalle ni, ya ɓoye hannayensa a bayansa. Na gwada kwana da kwanaki. Jirage suna sauka a kan zanin, shi yana kallon ƙasa. Bai sake kirana Amarya ba. Kafin Ramadan ya zagayo ya rasu a ɗakin nan, aka binne shi a Makka.

Bayan shekara biyu wani dattijo daga garinsu ya zo Umra, aka kwatanta masa gidanmu ya zo yi wa Umma gaisuwa. Da aka ambaci silima sai ya yi dariya har da tari. Ya ce yana yaro yakan tara kwabo don kawai ya je ya ji Kaka.

Na ce, "Baba, ashe tun a lokacin yake ƙirƙira musu labari, tunda ba ya jin Turanci."

Ya ce, "Wa ya gaya miki? Ai ya gama firamare, har wasiƙa yake rubuta wa mutane a bakin gidan waya. Kalma ba ta wuce shi. Kuma fim ɗin mutanen sama ai shi ne gwaninsa. Da an jero bindigogin nan yake ɗaga bututu ya ce, jama'a me za a yi musu? Mu kuma duk silima mu amsa, a kashe su! Shi ya koya mana."